Rigar da Ta Ƙi Ninkuwa

Sakasaka, Tamale

Zuwa ga ɗiyata Memuna,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki zaune lafiya a kujerarki, motar ba ta yi gardama ba, direban kuma ba irin masu gudun hauka ba ne. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya kai ki kudu lafiya. Na ce wa Mmanki ta saka ambulan ɗin a ƙasan ledar tubani, ta kuma gaya miki kada ki buɗe sai kun haye gadar Buipe. Da gangan na yi haka, don na san halinki. In kika karanta a tasha, sauka za ki yi mu tsaya gardama a gaban mutane.

Babu labarin gida da zan ba ki, ranar da za ki karanta wannan, da safe kika bar shi. Magana ɗaya ce ta sa ni ɗaukar biro. Takardar nan da kika ajiye min a kan teburin yanka, kika danne ta da almakashi, kika yi ɗan alama da fensir a inda zan sa hannu, tana cikin ambulan ɗin. Ki duba. Wurin yana nan fari fat yadda kika bar shi. Ban sa hannu ba, kuma ba mantuwa na yi ba. Kina so jami'a ta cire ki daga sashen lissafi ta mai da ke wani kwas, kowanne ne ma, kin ce, saboda kin faɗi jarrabawa ɗaya, kuma malamin ya karanta makinki a gaban aji ya ce 'yan zango da tallan koko suka fi dacewa. Na ji duka. Ban yarda ba.

Gwaggonki Azumi ta zo shago shekaranjiya, ko zama ba ta yi ba ta fara: "Iddi, ka sa wa yarinyar nan hannu ta huta. Lissafi ba abincinmu ba ne. Wa ka taɓa gani a zuri'armu ya ci shi?" Na ce, "Yaya, wa kika taɓa gani a zuri'armu aka bari ya ɗanɗana?" Ta ce taurin kaina ne zai kashe ki. Na ce to, a ina kike tsammani ta gaji nata? Ta ja mayafi ta tari yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, ta tafi, ko sallama babu. Za ta huce, ta saba.

Kin san ban iya magana ido da ido ba. In na buɗe baki faɗa ke fitowa, ko da lallashi na nufa. Shi ya sa na rubuta. Zan gaya miki wautar da na tafka a rayuwata, ba ƙari ba ragi, ki auna da kanki.

Ina aji biyu na ƙaramar sakandare na bar makaranta. Kullum nakan ce muku wani ticha ne ya kore ni. To, ƙarya ce, ko in ce rabin gaskiya. Ranar ana koya mana lambobi masu mainos, tichan ya rubuta a allo cewa mainos sau mainos yana ba da fulos. Na ɗaga hannu na ce, "Ticha, me ya sa?" Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "Iddi, kai da za ka ƙare da allura a hannu, ina ruwanka da me ya sa?" Aji ya fashe da dariya, har da waɗanda su ma ba su san amsar ba. Na tattara littattafaina na fita, ina jin kaina namijin duniya. Ba wanda ya kore ni, Memuna. Ƙafafuna ne suka ɗauke ni. Na iso shagon kakanki, wannan dai da nake zaune ciki yanzu, na ce masa na gama da boko. Bai ce uffan ba. Ya turo min kujera da ƙafa, ya miƙo min zare. Allah ya ji ƙansa, ya yi masa rahama, amma wallahi shekara talatin da wani abu ina cewa ina ma ranar ya yi min faɗa, ina ma ya ja kunnena ya mai da ni ajin. Tichan nan ya faɗi inda zan ƙare, ni kuma na tashi da kaina na cika masa maganarsa.

Ba raina allura nake yi ba, ita ta ciyar da ke. Abin da nake cewa shi ne, wanda ya wulaƙanta ki bai isa ya zaɓa miki hanya ba. In kika miƙa takardar nan, malamin ku ba zai ma san kin tafi ba. Zai sha shayinsa ya shiga aji, ke kuma ki ɗauki maganarsa a ka har tsufa, kamar yadda na ɗauki ta tichana. Ki koma ajinsa. Ki zauna a layin gaba, inda ba zai iya kau da ido daga gare ki ba. Ki gaishe shi da ladabi, ba a raina malami a gidanmu, sannan ki ɗaga hannu ki ce me ya sa.

Sai maganar rigar nan ta ƙasan akwati. Kin san ƙarshen labarinta, amma ba ki san farkonsa ba. Ina da shekara ashirin da biyu kakanki ya fara yarda ya ba ni babban aiki ni kaɗai. Wani dattijo daga Tishigu ya kawo baƙar riga fugu, saƙar garin Daboya, yana so a yi masa surfani a ƙirji kafin bikin Damba. Kin ga yadda muke yi: ba a zana ado duka. Gefe ɗaya ake zanawa a takardar siminti, a bi layin da allura a huhhuda, a ɗora a dama da layin tsakiyar riga, a shafa garin alli ya ratsa ƙofofin. Sannan a kifa takardar, fuskarta ta koma ƙasa, a yi hagu. Adon da na zana reshe ne, ya tashi daga tsakiyar ƙirji ya lanƙwasa ya hau kafaɗar dama. Da na gama dama, sai na ga fuskar takardar ta yi fari da alli, na ce in na kifa ta za ta ɓata baƙin yadin. Sai dabara ta zo min, irin dabarar yaro. Na kafa allura a tsakiya, na juya takardar a kwance kamar faifai har ta koma hagu, na shafa alli. Na ɗauki riga na ɗora a gwiwa. Mai surfani faɗin tafin hannu ɗaya yake gani a lokaci guda, ni kuwa kwana tara ina duƙe ban taɓa shimfiɗa ta na ja da baya na duba ba.

Ranar da dattijon ya zo karɓa, aka gama gaisuwa, ana ta "naa, naa", kakanki ya ɗauki riga ya ninke ta a layin tsakiya kamar yadda yake wa kowane aiki, ya bi da yatsa yana neman zare a kan zare. Babu inda ya haɗu. Ya buɗe ta. Reshen dama ya hau kafaɗa, na hagu ya gangara ciki. Dattijon ya yi dariya har da riƙe ciki ya ce, "Hannu ɗaya na roƙon Allah, ɗaya na neman abin da ya faɗi ƙasa!" Kakanki bai yi dariya ba. Ya ce, "Wannan ba aiki ba ne, ɓarna ce." Ya nemo wani yadin ya ɗinka wa mutumin da hannunsa. Ni kuwa kunya ta rufe ni, na naɗe rigar na cusa a ƙasan akwatin ƙarfe na ɗora tsofaffin zannuwa a kai. Ko Mmanki ba ta san da ita ba.

Shekara ashirin da huɗu tana nan, sai ranar da kika zo neman takardar haihuwarki, kina ajin ƙarshe a sakandare. Kika fito da ita kika shimfiɗa a teburin yanka. Na daka miki tsawa na ce ki mai da ita inda kika gan ta. Ko a jikinki. Kika ɗauko takarda mai shara-shara kika kwafe adon duka da fensir, kika kafa fil a tsakiya, kika juya takardar rabin zagaye. Wallahi kowane ganye ya faɗa kan ɗan'uwansa, ko gashi bai kauce ba. Kika ce, "Baba, wa ya ce maka ɓarna ce? Wannan fankshin mara ne."

Zan maimaita miki darasin yadda kika ba ni shi, don ki ga bai zube ba. Kin ce fankshin ƙa'ida ce, a ba ta lamba ta mai do da lamba. Kika ja layi a tsaye da layi a kwance, kika ce na tsayen shi ne layin tsakiyar riga, inda suka haɗu kuma cibiya ce, lambobin dama fulos, na hagu mainos. Kika ce mu ɗauki x². A ba shi uku, ya ba da tara. A ba shi mainos uku, tara ɗin dai. Abin da ke dama shi ke hagu, tsayi ɗaya, in an ninke takarda zane ya hau kan zane. Shi ne kuke rubutawa f(−x) = f(x), kuna ce masa cika, ni na ce masa mai ninki. Sannan x³. A ba shi biyu, takwas. A ba shi mainos biyu, mainos takwas. Gwargwadon yadda dama ya hau, haka hagu ya sauka. Ba ya ninkuwa, amma in an juya shi a kan cibiya sai ya koma kan kansa. Shi ne f(−x) = −f(x), mara, ni na ce mai juyi. Kika ce sunayen daga ƙananan lambobin da ke saman x suka samo asali, biyu da huɗu cika, ɗaya da uku mara.

A nan na tsai da ke. Na ce, "To, mainos uku sau mainos uku, me ya sa ya zama tara?" Ba ki yi dariya ba. Kika ce in miƙe in fuskanci ƙofar shago. Kika ce mainos juya baya ne, in juya. Na juya, ina kallon bango. Kika ce in sake juyawa. Sai ga ni ina kallon titi, babura na wucewa. Kika ce, "Shi ke nan, Baba." Shi ke nan! Abin da na bar makaranta a kansa. Na ce miki zan yi alwala, na zagaya bayan shago. Ba alwala na yi ba, kuka na yi, kuma ban ji kunyar faɗa miki yau ba.

Kakanki ba mugu ba ne, kuma ya san aikinsa. Gwaji ɗaya yake da shi, ninki, duk abin da bai ninku ba a wurinsa ɓarna ne. Laifina shi ne ban ce masa da wane ma'auni ya auna ba. Na karɓi hukuncin na kulle a akwati. Kuma ki ji ƙarin wauta: bayan kin nuna min, har na yi kuka, sai na sake naɗe rigar na mai da ita ƙasan akwatin, don ina tsoron bakin 'yan layinmu. Saboda haka in an ce miki ba ki iya ba, kada ki sunkuyar da kai ki tafi. Ki je ofis da takardarki a hannu ki ce a nuna miki layin da kika kauce. In kuskure ne ki gyara, ba a mutuwa don an gyara kuskure. In ba kuskure ba ne, ki tsaya a kan ƙafarki.

Bayan abin da ya faru da rigar dattijo, ba na barin aiki ya fita ban ninke shi ba. Amma da hannu ya saba sai lalaci ya shigo. Nakan haɗa bakin ado na dama da na hagu kawai, in sun haɗu in ce ya yi. Haka na yi wa rigar wani ango. Baki ya haɗu da baki, ashe takarda ta zame min a tsakiya, cikin adon dama ya fi na hagu faɗi da yatsa biyu. A hoton biki aka gani, uwar angon ta zo har shago ta wanke ni tas, kuma da gaskiyarta. Ke ma kin kama ni da irin wannan. Kin tuna tarkon da kika ɗana min? Kika rubuta x³ − x kika ce in faɗi ko wane iri ne. Na sa ɗaya, sifiri. Na sa mainos ɗaya, sifiri. Na buga tebur na ce, "Cika ne!" Kika ce, "Alhaji sarkin gaggawa, gwada biyu." Na gwada, shida. Mainos biyu, mainos shida. Ashe mara ne, a wuri ɗaya kawai ya yi kama da cika. Kika ce min ba a yanke wa fankshin hukunci da lamba ɗaya, sai an nuna abin ya tabbata ga kowane x.

To, malama, ga darasinki na mai do miki. Jarrabawa ɗaya kika faɗi, kika buga tebur kika ce ba ki iya lissafi ba. Na san abin da za ki ce, don na san bakinki: "Ai Baba, lamba ɗaya ta isa ta rushe magana." Haka ne, kin koya min wannan ma. Amma wace magana ce ta rushe? Maganar cewa Memuna ba ta faɗuwa. Wannan ta rushe, kuma gara da ta rushe. Ita kuwa maganar cewa Memuna ba ta iya ba, wadda malamin ku ya faɗa kika ɗauka, ba a tabbatar da ita da wuri ɗaya. Shi da yake da digiri a kan abin ya kamata ya fi ni sani.

Maganar da ta rushe ɗin nan kuwa, ni na gina ta, kuma shi ne kuskuren da ya fi min ciwo. Ranar da takardar shigarki jami'a ta zo, na hau babur na zagaye Sakasaka da ita a aljihu, har Aboabo na kai, wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba duk na nuna masa. Na laƙaba miki Farfesa. Duk wanda ya zo awo sai ya ji labarin Farfesa kafin in ɗora masa tef. Ina tsammani ƙarfafa ki nake yi, ashe kaya nake lafta miki, har da nawa na ajin da na gudu. Shi ya sa kika dawo hutu kika yi mako uku a gidan nan kina ramewa, kina tura tuwo gefe, ina ce miki "Farfesa, ruwan kudu ne bai karɓe ki ba?" kina murmushin dole. Gwaggonki kika fara gaya wa, sannan Mmanki. Ni na ƙarshe, kuma ba da baki ba, da takarda a ƙarƙashin almakashi. Ban ga laifinki ba. Uban da 'yarsa ba ta iya ce masa "na faɗi" shi ke da laifi. Ki yafe min. Daga yau sunanki Memuna. In kin ci ki buga min waya, in kin faɗi ki buga min a ranar, kafin ki gaya wa kowa, na yi alkawari ba zan ɗaga murya ba. In kuma na ɗaga, ki kashe wayar ki sake bugowa bayan minti goma, kin dai san ni.

Yanzu ga abin da na yi miki a ɓoye. Takardar jarrabawar da aka mai do miki, wadda kika cusa a cikin tsohon littafinki na sakandare, na gan ta. Ban nemi izini ba, ke ma ba ki nemi nawa ba ranar akwati. Yawancin abin da ke ciki ban san kansa ba, kamar rubutun Sinawa. Amma tambaya ta biyu na gane ta, har na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a baƙon wuri. An ba ku f(x) = (x + 1)³, aka ce cika ne, mara ne, ko ba ko ɗaya. Kin amsa daidai, ba ko ɗaya. Sannan aka ce ku rubuta shi a matsayin cika haɗe da mara. Nan kika tsaya. Na ga inda biro ya fara, ya soke, ya sake farawa, ya soke har takarda ta kusa hujewa. Mmanki ta ce kin gaya mata daga nan kanki ya ɗaure, kika ga abin da ba ya ninkuwa kuma ba ya juyuwa ba abin da za a yi da shi, tsoro ya bi ki har ƙarshen takardar, abubuwan da kika sani ma suka gudu.

Na san wannan tsoron. Sau nawa wani ya kawo min ado a waya, na duba na ga ba ninki ba juyi, na ce masa ba na irin wannan, ya gwada gaba? Ba don ba zai yiwu ba, don ban san ta inda zan kama shi ba ne.

Sai na ce bari in gani. Kwana goma sha ɗaya, tsakanin azahar da la'asar lokacin da kasuwa ke mutuwa, ina duƙe a kan takardar siminti da fensir. In na ji takunki sai in jefa yadi a kai. Ban tambayi kowa ba, wayar nan ma ban taɓa ta ba. Kwana shida na farko shirme na yi ta yi, har na karya fensir biyu don haushi. A na bakwai na ajiye boko na ce in yi shi yadda nake aikina. In ado bai yi daidai dama da hagu ba, ina so in san inda ya kamata ya bi, me nake yi? Ninkewa nake yi, in ga inda layin dama yake da inda na hagu yake, in bi tsakiyarsu. Wannan tsakiyar dole ta ninku, don ba ta san dama ko hagu ba. Abin da ya rage kuma, tazarar da ke tsakanin kowane layi da tsakiyar, ɗaya sama yake ɗaya ƙasa, kuma daidai wa daida. To ai wannan juyi ne! Na miƙe tsaye ni kaɗai a shago ina cewa Allahu Akbar, har mai sayar da ruwan sanyi ta leƙo.

Na gwada da lamba. Na ba shi biyu, ya ba ni ashirin da bakwai. Na ba shi mainos biyu, ya ba ni mainos ɗaya. Na haɗa su na raba biyu, goma sha uku, rabon ninki ke nan. Na ɗebe na hagu daga na dama na raba biyu, goma sha huɗu, rabon juyi. Sha uku da sha huɗu, ashirin da bakwai. A hagu kuma sha uku a ɗebe sha huɗu, mainos ɗaya. Ya zauna daram. Na kusa buga tebur, sai na tuna da Alhaji sarkin gaggawa. Na gwada ɗaya, na sami huɗu da huɗu. Na gwada uku, ashirin da takwas da talatin da shida. Duk da haka na san za ki ce lamba uku ba kowane x ba ne. Sai na buɗe tsohon littafin naki, na yi kwana uku ina koyon yadda ake warware bakan da ya rufe x + 1, na sami x³ + 3x² + 3x + 1. Na ware masu cika gefe, masu mara gefe. Ga amsata: na ninki 3x² + 1, na juyi x³ + 3x. Na mai da lambobina ciki, duka shida suka fito yadda na same su tun farko.

Takardar simintin tana cikin ambulan, na ninke ta huɗu, ki yi haƙuri da ƙurar alli. Ki nemi jan biro ki yi min maki, kada ki ji tausayina. In na yi kuskure ki zagaye wurin ki aiko min. In kuwa daidai ne, to ina so ki zauna ki yi tunani a kan wannan: mutumin da ya gudu daga aji biyu, wanda aka ce ina ruwansa da me ya sa, ya amsa tambayar jami'a. Wa ya koya masa? Ba tichansa ba, ba malamin ku ba. Yarinya ce 'yar zango, a kan teburin yanka, da fil da takarda mai shara-shara. Ita ce ake so in sa hannu a cire daga lissafi? Haba, Memuna. Hannuna ba zai yi ba.

Ba ɗaure ki na yi ba. Ki yi wannan zangon karatu har ƙarshensa, ki sake zama jarrabawar. In kin dawo hutu zuciyarki tana nan a kan canji, ba don tsoro ba, ba don bakin wani ba, ki kawo min takardar da hannunki, ki dube ni ki faɗa da bakinki, zan sa hannu kafin ki rufe baki. Amma a ƙarƙashin almakashi, a'a. Kakanki ya turo min kujera ya yi shiru. Ni ba zan yi shiru ba, ko da za ki yi wata guda ba ki ɗauki wayata ba.

Yau Alhamis nake rubuta wannan, la'asar ta kusa. Na ciro rigar daga akwati, Mmanki ta shanya ta ta sha iska, warin kafur ya ragu. Rigar ta ɗan matse ni a ciki, shekara ashirin da shida ba wasa ba. Gobe da ita zan raka ki tasha, a ƙafa, ta gaban layin shagunanmu, ta gaban ƙofar Gwaggonki, reshe ɗaya sama ɗaya ƙasa. Duk wanda ya yi dariya zan tsaya in yi masa bayani, in ya ƙi ganewa in sa shi ya juya sau biyu a tsakiyar titi. Na san za ki dube ni ki yi mamaki, ni kuma ba zan ce miki komai ba. To, yanzu kin ji dalili.

Allah ya tsare min ke a hanya da masauki. Allah ya raba ki da sharrin mutum da na ƙarfe, ya haɗa ki da abokan zama na gari, ya buɗe miki ƙirji a ɗakin jarrabawa, ya sanyaya zuciyar malaminki, in ta ƙi sanyaya ya ba ki ƙarfin zama a gabansa. Ki riƙe salla, ki ci abinci. Mmanki tana sa miki albarka, ni ma na sa miki, duniya da lahira. Ki buga waya da kin sauka.

Ina jiran makina.

Wassalam,
Babanki, Iddi mai surfani